Alamomin Aiki a Harsunan Kwamfuta da Takwarorinsu Cikin Lissafin Bahaushe: Misalai Daga Bakin Tafkin Kainji

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin ruwa a Wara, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski, sa'ad da jirage suke isowa da kifi da albasa, ya san ba a makaranta aka haifi lissafi ba. Dillali yakan dubi kwanduna, ya ƙidaya, ya fid da la'adarsa, ya raba abin da ya saura tsakanin masu kaya, bai taɓa alƙalami ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji cikin 1968, Kogin Kwara ya kumbura ya cinye tsibirai da garuruwa, aka sake wa mutane wajen 44,000 matsuguni, rayuwar Gungawa da Kambari da Shangawa da Sarkawa na ƙasar Yawuri ta sake tsari a bakin sabon tafki. Amma lissafin kasuwa yana nan yadda kakanni suka bar shi, da ka ake yin sa, da baki kuma ake faɗinsa.

Jikokin mutanen nan kuwa suna zuwa jami'o'i irin na Aliero da Birnin Kebbi, a zaunar da su gaban na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, a koya musu yi mata umarni da harsuna irin su Java da Python. Darasin farko da akan fuskance su da shi shi ne na alamomi kamar + da - da * da / da % da == da &&. Da Turanci ake bayanin, ɗalibi ya haddace alama bai san aikinta ba, ranar da ta ba shi amsar da bai zata ba sai ya ɗora laifin a kan inji. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake amfani da alamomin nan, ta kuma nuna cewa Hausa tana da takwarar kusan kowacce, har ma a wasu wurare ta fi Turanci rarrabewa. Kalmomin fannu da aka yi aiki da su a nan shawara ce kawai, domin Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi na 1990 harshe da adabi ya sa gaba.

2.0 Abu da Aji da Saƙo

Harshen kwamfuta tsararren rubutu ne mai tsauraran ƙa'idoji, wanda mutum yake rubutawa, wata manhaja ta juya shi zuwa umarnin da injin zai bi. Harsunan farko, kamar FORTRAN na 1957, sun ɗauki aiki a matsayin jerin umarni, yi kaza, sa'an nan ka yi kaza. Cikin 1967 waɗansu masana biyu na ƙasar Norwe, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, suka fito da harshen Simula 67, wanda ya kalli lamarin ta wata fuska. A ganinsu gara a rubuta manhaja yadda duniya take, cike da abubuwa, kowane abu da siffofinsa da ayyukan da ya iya. Daga nan aka sami Smalltalk, wanda Alan Kay da abokan aikinsa suka soma a Amurka cikin 1972, da C++ na Bjarne Stroustrup wanda ya fito kasuwa a 1985, da Python na Guido van Rossum a 1991, da Java a 1995. Su ne ake nufi da harsuna masu dogara da abubuwa.

Masassaƙin jirgi yana da siffar jirgi a cikin kansa tun bai sari itace ba. Siffar nan ita ce aji. Kowane jirgi da ya fita daga hannunsa, da tsawonsa da mai shi da iyakar lodinsa, shi ne abu. Ba a sa hannu a cikin abu a motsa shi yadda aka ga dama, sai dai a aika masa da saƙo, a ce ɗauki kaya ko sauke, shi kuma ya aikata gwargwadon abin da ajinsa ya tanada.

To, alamar aiki ita ce gajeriyar alama wadda take tsayawa a madadin wani aiki. A ma'aunin nahawu aikatau ce, abubuwan da ke gefenta kuma su ne waɗanda aikin ya shafa. A Smalltalk idan an rubuta 3 + 4, abin da ya auku shi ne an aika wa abu mai suna 3 saƙon tarawa tare da 4, shi ne kuma zai san yadda zai yi da saƙon. Ya kamata a riƙe wannan da kyau, gama duk abin da zai biyo baya a kansa ya rataya: ma'anar alama tana wurin abin da aka aika wa ita.

Alamomin kansu baƙi ne na jiya. Al-Khawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820 da kalmomi zalla, babu alama ko ɗaya. Ba a ga + da - a littafin ɗab'i ba sai 1489 a Jamus, alamar = kuwa Robert Recorde ya ƙago ta a 1557, × ta zo a 1631, ÷ a 1659. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rubuta bayanin yadda ake tsara hatimi cikin 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741, da Larabci ya yi nasa lissafin. Tauraruwar nan * da ake ninkawa da ita a yau ta samu ne don injunan rubutu na zamanin FORTRAN ba su da ×.

3.0 Tarawa da Ɗebewa da Ninkawa

Ƙidayar Hausa cike take da alamomin aiki, sai dai sabo ya sa ba a lura da su. A dubi waɗannan:

(1) goma sha uku: 10 + 3
(2) ashirin da uku: 20 + 3
(3) ashirin babu biyu: 20 - 2
(4) ashirin biyu babu: 20 2 -
(5) metan gaira goma: 200 - 10
(6) ɗari uku: 100 * 3
(7) gomiya tara: 10 * 9

A (1) da (2) aiki ɗaya ne, kalmomi biyu, domin sha ba ta bin kowa sai goma. A (5) an aro gaira daga Larabci tare da manyan lambobi irin su metan da arbaminya. A (6) da (7) babu wata kalma ko kaɗan, jerawa kawai ta isa ninkawa. (7) tsohuwar ƙidaya ce tun kafin tis'in ko casa'in su shigo. Misali na (4) ya fi duka ban sha'awa, don alamar ta koma ƙarshe bayan lambobin biyu. Mai karatu zai iya ɗauka wannan baƙon tsari ne ga kwamfuta, alhali kuwa shi ne nata na cikin gida. Idan an rubuta a - b a Java, manhajar da ke juya rubutun takan mai da shi umarni uku, ajiye a, ajiye b, ɗebe. Ashe tsohuwar da ta ce biyu babu ta fi ɗan makaranta kusa da injin.

Matsala takan taso in alamomi sun haɗu a layi ɗaya. A ce mai jirgi ya karɓi naira 500 kuɗin kaya, ya kuma ɗauki fasinja 4 a kan naira 300 kowanne. Idan an rubuta

500 + 300 * 4

Java da Python da C++ duk za su ba da 1700, saboda ninkawa da rabawa suna gaba da tarawa da ɗebewa a matsayi. Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba. In ya ce ɗari biyu da hamsin, 250 yake nufi, watau ya ninka ɗari sau biyu tukuna ya ƙara hamsin. Ba wanda zai ji shi ya ɗauka ɗari sau hamsin da biyu ne. Amma Smalltalk zai ba da 3200, domin shi bai san girma tsakanin alamomi ba, daga hagu zuwa dama yake bin saƙonni ɗaya bayan ɗaya. Ba kuskure ya yi ba, ƙa'idarsa ke nan.

Hausa ma tana da inda ƙa'idarta take juyawa. Dubu ashirin da biyar a bakin ɗan kasuwa 25,000 ce, watau an fara haɗa ashirin da biyar sa'an nan aka ninka da dubu. Wanda yake nufin 20,005 dole ya ƙara kalma, ya ce dubu ashirin da naira biyar, ko da guda biyar. Aikin da naira ko guda ta yi a nan shi ne aikin baka biyu a rubutun kwamfuta:

1000 * (20 + 5) ya ba da 25000
1000 * 20 + 5 ya ba da 20005

Abin da ke cikin baka biyu shi ake fara yi a dukan harsunan nan, har da Smalltalk. Malamin da ya sa ɗalibai haddar jadawalin matsayin alamomi, ya manta ya gaya musu su sa baka biyu duk inda suka yi shakka, ya wahalar da su a banza.

4.0 Rabawa da Saura

A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. A ɗauka masunta biyar sun ja koma sun sami kifi 47. Kowa zai ɗauki tara, biyu su saura, a san yadda za a yi da su. Ba wanda zai ce kowa ya ɗauki tara da ɗigo huɗu. Rabon Bahaushe amsa biyu yake bayarwa, kaso da saura, harsunan kwamfuta kuma sun ba kowacce alamarta:

a Java: 47 / 5 ya ba da 9, 47 % 5 ya ba da 2
a Python: 47 // 5 ya ba da 9, 47 % 5 ya ba da 2

Alamar % a nan ba ta da dangantaka da kashi cikin ɗari, saura kawai take nufi, kuma da sunan saura ya kamata a karanta ta. Tana da amfani duk inda abu yake zagayowa. In yau Juma'a ce, ana son a san ranar da kwana 100 za su cika, sai a duba 100 % 7, a sami 2, a ƙirga kwana biyu bayan Juma'a, Lahadi ke nan.

Amma fa alamar / ba ta da fuska ɗaya. A Java, in duka lambobin cikakku ne, sai ta watsar da ɓurɓushi ba tare da ta faɗa wa kowa ba. In ɗaya yana da ɗigo, kamar 47.0 / 5, sai ta ba da 9.4. Python ma haka yake yi a da, har sai da fitowa ta uku ta zo a Disamba 2008, aka mai da / ta riƙa ba da 9.4 kullum, // kuma ta riƙe cikakken kaso. Mai lissafin da ya raba naira 999 gida 1000 a Java don ya ninka daga baya, sifiri zai ninka.

Bambancin ya ƙara fitowa in abin da za a raba bashi ne, watau lamba mai alamar ɗebewa a gabanta. A ce masuntan nan biyar ana bin su 47. Java zai ce -9, saura -2: kowa ya biya tara, ana bin su biyu. Python zai ce -10, saura 3: kowa ya biya goma, a mayar musu da canjin uku. Dukan hukuncin biyu ana yin su a kasuwa, amma wanda ya kwashi lissafi daga wannan harshe ya kai wancan bai duba ba, zai ga littafinsa ya ƙi daidaita bai san dalili ba.

Akwai wani darasi da zamanin wuri ya bari. A lokacin da ake ciniki da wuri, hauya ashirin ce, keso dubu ashirin, kuma babu rabin wuri. Duk girman dukiya da cikakkun lambobi ake ƙirga ta. Kwamfuta kuwa da tushen biyu take ajiye lamba, kuma ɗaya bisa goma ba ta ƙarewa a tushen biyu, kamar yadda ɗaya bisa uku ba ta ƙarewa a tushen goma. Shi ya sa in an tambayi Java ko Python 0.1 + 0.2, amsar da za ta fito ita ce 0.30000000000000004. Saboda haka masu hankali ba su ajiye kuɗi da ɗigo, sai su mai da kome kwabo su ƙirga shi ɗai-ɗai kamar wuri. Sai dai nan ma da tarko. Cikakkiyar lamba ta yau da kullum a Java, wadda ake kira int, iyakarta 2,147,483,647, in an ƙara mata ɗaya sai ta kifa ta koma -2,147,483,648, shiru, ba gargaɗi. In kwabo ake ƙirgawa, iyakar nan naira miliyan 21 ce da 'yan kai, kuɗin da babban dillalin albasa zai iya juyawa. Magani shi ne a ɗauki babban mazubi mai suna long. Python ba shi da wannan iyaka.

5.0 Fi da Kai

Alamomin kwatanci ba lamba suke bayarwa ba, hukunci suke yankewa, gaskiya ko ƙarya. A nan Hausa ta yi wa Turanci fintinkau, domin abin da Bature yake bukatar kalmomi biyar ya faɗa, Bahaushe da aikatau ɗaya yake faɗinsa:

a > b: a ya fi b, ko ya wuce b
a >= b: a ya kai b
a < b: a bai kai b ba
a <= b: a bai wuce b ba

Kai ta ƙunshi daidai da abin da ya ɗara. In malami ya ce tumaki sun kai nisabi, mai arba'in cif ya shiga, mai hamsin ma ya shiga, mai talatin da tara ne kaɗai ya fita. Wanda ya rubuta > inda ake bukatar >= ya yafe wa mai arba'in abin da shari'a ba ta yafe masa ba. Ana iya ganin yadda korewa take haɗa su biyu-biyu: kishiyar ya kai ita ce bai kai ba, kishiyar ya wuce ita ce bai wuce ba. Ɗalibin da aka koya wa da Turanci yakan ɗauka kishiyar > ita ce <, ya manta da wanda ya zo daidai kan iyaka. Mutanen Wara ba su bukatar a gaya musu nauyin kalmar wuce. Cikin watan Mayu na 2021 jirgin da ya taso daga Jihar Neja zuwa garinsu ya nutse, aka yi asarar rayuka masu yawa, hukumomi kuma suka ce lodinsa ya wuce ƙima.

6.0 Zama da Daidaito da Kasancewa Shi Ne

Alamar Recorde ta sami wani aiki dabam a harsunan nan. Idan an rubuta

kifi = 47
kifi = kifi + 10

malamin lissafi zai ce layi na biyu ƙarya ne, ba abin da yake daidai da kansa da ƙarin goma. Amma ba labari layin yake bayarwa ba, umarni ne: a ɗauki abin da ke hannun dama, a lissafa, a ɗora masa sunan da ke hagu. Karatunsa na gaskiya shi ne kifi ya zama kifi da goma. Muddin malami ya bar ɗalibai suna karanta = da cewa daidai da, to ya shuka musu ruɗu. Ana taƙaita layin da kifi += 10, a Java da C++ kuma kifi++ yana ƙara ɗaya, daga nan ma C++ ya sami sunansa.

Tambayar ko abu biyu daidai suke da == ake yin ta, kishiyarta kuma !=. Mantuwar alama ɗaya a nan ba ƙaramin abu ba ne. A Nuwamba 2003 wani ya yi ƙoƙarin cusa = a gurbin == cikin rubutun manhajar Linux, wanda da ya wuce da ya ba kowane baƙo ikon mai gida a kan injin; sa'a aka yi aka gano. C++ yakan karɓi irin wannan layi, Python kuwa ba ya karɓa sam.

Sa'an nan akwai tambayar da sai a harsuna masu dogara da abubuwa take da ƙarfi. Masassaƙi ya sassaƙa jirage biyu, itace ɗaya, tsawo ɗaya, fenti ɗaya. Bahaushe zai ce ɗaya ne. Wani jirgin kuma mutanen Wara suna kiransa da sunan mai shi, na Yelwa suna kiransa da rubutun da ke jikinsa. Nan ma zai ce ɗaya ne. Jimlar guda ce, ma'ana biyu, kuma in aka matsa masa zai warware, ya ce na farko daidai suke, na biyu kuwa shi ne. Python yana tambayar daidai suke da ==, yana tambayar shi ne da kalmar is. Java ya juya lamarin: a kan abubuwa, == tana tambayar shi ne, mai son daidai suke sai ya aika saƙon equals. Sunaye biyu da aka rubuta da haruffa iri ɗaya suna iya faɗuwa jarrabawar == a Java, don a wuri biyu aka ajiye su.

Daga nan ake gane haɗarin b = a idan a jirgi ne. Ba a sassaƙa sabon jirgi ba, laƙabi aka yi wa tsohon. Duk kayan da aka loda wa b, a aka loda wa.

7.0 Kuma da Ko da Ba

Alamomin da ke haɗa hukunci da hukunci sun samo asali daga aikin George Boole na 1854. Java yana rubuta su && da || da !, Python kuma and da or da not. Mai fassara cikin gaggawa zai ce ta farko da ce, amma nahawu bai yarda ba. Da sunaye take haɗawa, kifi da albasa. Jimla da jimla kuwa kuma ce take haɗa su, ruwa ya kwanta kuma lodi bai wuce ba. Tun da an riga an ba da aikin tarawa a ashirin da uku, barin ta a can ya fi, a kira && da sunan kuma.

Kuma ta kwamfuta tana da wata ɗabi'a ta dattako: in sharaɗin farko ya faɗi, ba ta duban na biyu. Ana cin moriyar wannan wajen kauce wa rabawa da sifiri, abin da yake tsai da manhaja cik:

mutane != 0 && kuɗi / mutane >= 500

In babu kowa, ba za a kai ga rabon ba. In aka juya jerin, kariyar ta tafi.

Ko iri biyu ce. Wanda ya kawo kifi ko albasa zai biya kuɗin kasuwa. Wanda ya kawo duka biyu bai tsira ba. Wannan ita ce ||. Amma ko dai ya haye yau ko ya kwana a Wara ba ta yarda da duka biyu ba, tata alamar ita ce ^. Ɗalibai da yawa sukan ɗauka ^ ta ninka lamba da kanta ce, su yi mamaki in 2 ^ 3 ya ba su 1. A Python 2 ** 3 ne yake ba da 8. Game da korewa kuwa, ba ta Hausa tagwaye ce, ta gaba tana buɗewa, ta baya tana nuna inda korewar ta tsaya. Alamar ! ba ta da ta baya, abin da ke manne da ita kaɗai take korewa, sai an sa baka biyu ta rufe jimla duka.

8.0 Alama Ɗaya, Ayyuka da Yawa

An ce a baya ma'anar alama tana wurin abin da aka aika wa ita. Ga inda maganar take bayyana. A Python 5 + 3 ya ba da 8, amma "5" + "3" ya ba da "53", domin abin da ke cikin alamar zance rubutu ne, ajin rubutu kuwa ya fahimci tarawa da ma'anar liƙawa. Haka kuma "maza" * 2 ya ba da "mazamaza", watau abin da masu nazarin ginin kalma suke kira cikakken ninki. In aka gwama rubutu da lamba, kamar "5" + 3, Python zai ƙi, ya ce aji bai dace ba, Java kuwa zai mai da 3 rubutu ya ba da "53". Duk abin da mutum ya buga a allon shigar da bayani a matsayin rubutu yake isowa, saboda haka buhu 5 da buhu 3 suna iya zama buhu 53 a littafin wanda bai juya su lamba ba.

C++ da Python da Smalltalk sun ba mai rubutu dama ya koya wa ajin da ya ƙirƙira yadda zai amsa alama. Java ya hana wannan da gangan, a can sai dai a yi wa aikin suna. Tsohon kuɗin Nijeriya misali ne mai kyau. Kafin naira ta zo ran 1 ga Janairu 1973, kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, ga kuma taro da sisi da nai a tsakani. Dattijon da ya yi fatauci a Yelwa a wancan zamani, in an ce masa sule 7 da kwabo 8 a haɗa da sule 15 da sisi, zai ce fam ɗaya da sule uku da kwabo biyu kafin a rufe baki. Ga yadda ake koya wa Python wannan:

class Kuɗi:
    def __init__(kai, fam, sule, kwabo):
        kai.jimla = fam * 240 + sule * 12 + kwabo
    def __add__(kai, wani):
        return Kuɗi(0, 0, kai.jimla + wani.jimla)

Layi na uku yana mai da kome kwabo. Layi biyu na ƙarshe suna cewa duk sa'ad da aka sa + tsakanin Kuɗi da Kuɗi, a tara jimlarsu a fito da sabon Kuɗi. Na farko 92 ne, na biyu 186, sun zama 278. Wajen faɗin amsa sai kaso da saura su dawo: 278 // 240 ya ba da fam 1, 278 % 240 ya bar 38, 38 // 12 ya ba da sule 3, 38 % 12 ya bar kwabo 2. Mai karatu zai lura cewa sunayen da Hausa aka rubuta su, har da ɗ mai lanƙwasa, gama Python ya karɓi irin waɗannan haruffa tun fitowarsa ta uku. Kalmar kai da ke farkon kowane baka biyu ita ce abin da aka aika wa saƙo yake kiran kansa da ita; al'ada ce kawai ta sa ake rubuta ta da Turanci, harshen bai tilasta ba.

Babban amfanin yin aji irin wannan shi ne abin da zai ƙi yi. Lamba tsirara ba ta san ko ita buhu ce ko kwando ko tiya ba, za ta haɗu da kowace lamba. Haka aka yi asarar kumbon da Amurka ta aika duniyar Mars cikin 1999, don wani ɓangare na manhajar ya ba da lambobi da ma'aunin Ingilishi, ɗaya ɓangaren ya karɓe su a matsayin na mita. In an yi ajin Buhu da ajin Kwando, aka koya wa kowanne ya duba ajin abokin haɗinsa kafin ya amsa +, to ranar da wani ya tara buhun albasa da kwandon banda manhajar za ta tsaya ta yi ƙara. Ko tsakanin buhu da buhu ma da sauran magana, domin ba kowane buhu ne yake cin mudu iri ɗaya ba, mudun wata kasuwa kuma ba lalle ya zo daidai da na wata ba. Wanda zai rubuta ajin Buhu don kasuwar Wara sai ya je ya zauna da masu awo ya tambaye su wane buhu suke nufi, kafin ya rubuta layin tarawa.